Kiɗan da Aka Raɗa wa Suna Bayan Kasuwarsa Ta Watse

A shekarar 1959 waƙoƙi uku suka fito daga ƙananan garuruwan kudancin jihar Luwiziyana, suka kutsa cikin jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a faɗin Amurka, jerin nan da mujallar Billboard take fitarwa duk mako. "Mathilda" ta ƙungiyar Cookie and the Cupcakes ta tsaya a lamba 47. "This Should Go On Forever" ta Rod Bernard, wani saurayi mai gabatar da shiri a gidan rediyon Opelousas, ta kai lamba 20. "Sea of Love" ta Phil Phillips, mai ɗaukar jakunkunan baƙi a wani otal na Lake Charles, ta haura har lamba 2. Duk wanda ya saurare su a jere zai ji cewa nono ɗaya suka sha. Amma da a lokacin za ka tare ɗaya daga cikin mawaƙan ka tambaye shi sunan wannan kiɗa, amsar ba za ta wuce rock and roll ba, ko rhythm and blues, ko kuwa ya watsa hannuwa ya ce kiɗan kudancin Luwiziyana ne kawai. Sunan da aka san shi da shi yau, swamp pop, wato waƙar zamani ta ƙasar dausayi, sai da aka shekara goma da 'yan kai kafin a raɗa shi. Kuma ba a Luwiziyana aka raɗa ba. A Ingila ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kiɗan Amurka. Ita kanta babbar rumfar, rhythm and blues, ɗan jarida ne ya kafa ta. Har zuwa 1949 Billboard tana kiran faya-fayan baƙar fata da sunan da ke nufin faya-fayan launin fata, sai wani ma'aikacinta, Jerry Wexler, ya kawo sabon lafazin da ba ya sosa rai. Daga baya mujallar ta sake sauya wa jerin suna a 1969, ta kuma sauyawa a 1982, ta dawo wa na Wexler a 1990. Mai kiɗa yana kiɗansa, mai shago da mai alƙalami su ke neman abin da za su rubuta a jikin kanta. Sai dai labarin Luwiziyana yana da wata lanƙwasa da ta sa nake yawan komawa kansa.

Mutanen da suka haifi kiɗan iri biyu ne, kuma da Faransanci iyayensu suke magana. Akwai Kajun, fararen fata, jikokin Faransawan da Ingila ta kora daga yankin Acadie na gabashin Kanada tun daga 1755, waɗanda wasu daga cikinsu suka gangaro har bakin tekun Meziko suka kama noma da su. Akwai kuma Kiriyol baƙar fata, waɗanda jininsu ya haɗa Afirka da Faransa da Sifaniya. Kiɗan gidansu na akodiyan ne da goge irin na Turawa, waƙa da Faransanci, rawa a daren Asabar. To amma tsarin mulkin jihar na 1921 ya mai da Ingilishi harshen makaranta shi kaɗai, yaron da ya kuskura ya yi Faransanci a harabar makaranta kuwa ya sha bulala, ko a sa shi durƙuso, ko ya cika shafi da alkawarin ba zai ƙara ba. Wanda ya yi makarantar da ake cin tarar ɗalibi don ya yi Hausa a aji ya san abin da wannan yake dasawa a zuciya. Yaran da aka haifa a ƙarshen shekarun 1930 sun taso suna jin harshen kakanninsu a matsayin tambarin talauci da ƙauyanci. Da rediyo ya kawo musu Fats Domino daga Niyu Olins, suka jingine akodiyan suka ɗauki jita da saksafon.

Tarihin Johnnie Allan shi kaɗai ya isa misali. Ɗan'uwan kakansa ne Joe Falcon, mutumin da ya naɗi faifan Kajun na farko a 1928. Shi kansa Allan ya yi kiɗa a ƙungiyar Lawrence Walker, wani shahararren mai akodiyan. Wata rana samarin ƙungiyar suka bar dattijon, suka kafa tasu ta rock and roll. Da haka aka yi ta yi a gari bayan gari.

Sai dai abin da mutum ya tsotsa ba ya barinsa don ya sauya kayan kiɗa. In ka sa "Mathilda" ka kasa kunne, abu na farko da zai kama ka shi ne piyano. Mai kaɗa shi yana sara uku-uku a kowane taku, ba ya sauri, ba ya sauyawa, tun daga farko har ƙarshe. Wannan daga Fats Domino aka ɗauko, babu ja. A ƙarƙashinsa jitar bes tana hawa tana sauka a hankali, mai ganga yana sauke sanda da nauyi a taku na biyu da na huɗu, masu saksafon suna jan numfashi mai tsawo a baya, ba su neman nuna gwaninta. Waƙar duka a kan sauti biyu ko uku take juyawa. Sannan murya ta shigo, kuma a nan ne gadon yake. Huey Thierry, wanda ake kira Cookie, ba rerawa yake yi ba kamar yadda ake koya wa mutum rerawa. Roƙo yake yi, muryar tana tsagewa a sama, irin ta tsofaffin mawaƙan Kajun da Kiriyol da suka saba ɗaga murya don ta keta hayaniyar gidan rawa a zamanin da babu lasifika. Maganar ba ta wuce ɗaya: ta tafi, ta bar ni, ki dawo. Wani mai saksafon na yankin, Harry Simoneaux, ya taɓa bayyana kiɗan da cewa rabi Domino ne, rabi kuma rawar daren Asabar ta Kajun, kuma har yau ban ga bayanin da ya fi wannan dacewa ba. Kiɗa ne na masu rawa biyu-biyu a hankali, bayan an yi mako ana fama a gonar shinkafa ko a rijiyar mai.

Ga lanƙwasar da na ambata. Waɗannan samari, da suka zo fitar da faifai, abu na farko da suka ɓoye shi ne sunayensu na yanka. John Allen Guillot ya zama Johnnie Allan. Warren Schexnider ya zama Warren Storm. Joseph Barrios ya zama Joe Barry. Robert Charles Guidry ya zama Bobby Charles. Philip Baptiste shi ne Phil Phillips. Wani dalilin na kasuwa ne tsantsa: mai gabatar da shiri a Shikago ko Niyu Yok ba zai iya furta Schexnider ba, abin da harshensa ya kasa kuwa ba zai sa a iska ba. Amma ban yarda a nan maganar ta tsaya ba. Yaron da aka daka don ya yi harshen uwarsa ba ya buƙatar mai kamfani ya yi dogon lallashi kafin ya ajiye sunan ubansa. Burinsu shi ne a ji su a ɗauka 'yan ko'ina ne a Amurka. Da wani ya zo a 1959 ya ce zai liƙa wa faifansu sunan dausayi, da sun ɗauka zagi ne, don hoton da sauran Amurkawa suke da shi game da Kajun ke nan: mutum mara takalmi a cikin kwale-kwale, kada na leƙensa.

Masu kamfanonin ma ƙananan 'yan kasuwa ne na cikin gari. Eddie Shuler a Lake Charles yana gyaran rediyo da talabijin, sutudiyon kamfaninsa na Goldband yana nan a jikin wurin sana'ar. J. D. Miller yana Crowley. Floyd Soileau, matashi mai shagon faya-fayai a Ville Platte, ya sa wa kamfaninsa suna Jin don matar da ya aura. Su naɗi waƙa, su buga 'yan ɗaruruwa, su bi gidajen rediyo da masu akwatin faifan nan da ake jefa wa kwabo a mashaya. In waƙa ta kama wuta har ta fi ƙarfinsu, sai su ba wani babban kamfani hayarta. Haka faifan Rod Bernard ya tashi daga Jin ya koma hannun kamfanin Chess na Shikago, "Sea of Love" kuma ta koma Mercury. A wannan miƙa-miƙar ne kuɗi yake zirarewa. "Sea of Love" ta sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, wasu mawaƙan suka sake rera ta, ciki har da Robert Plant a 1984, aka yi fim da sunanta a 1989 da Al Pacino a ciki, amma Phil Phillips ya sha faɗa cewa abin da ya shigo hannunsa dala 6,800 ne. Aikin gidan rediyo ya koma.

Akwai kuma batun launin fata, wanda duk wanda ya tsallake shi bai ba da labarin ba. A 1956 majalisar Luwiziyana ta yi dokar da ta haramta wa baƙaƙe da farare haɗuwa a rawa da wasanni da taron nishaɗi. A daidai wannan lokacin ne samarin Kajun suke laɓewa a bayan gidajen rawar baƙar fata suna koyon yadda ake yi. Waƙar da ta ɗaga Rod Bernard, wani baƙar fata ne mai suna King Karl ya tsara ta, shi da Guitar Gable suka fara naɗar ta a sutudiyon Miller, aka ajiye ba a fitar ba sai da ta Bernard ta yi kasuwa. Bobby Charles, farar fata ɗan Abbeville, ya rera "See You Later, Alligator" a 1955, kuma sananne ne cewa Leonard Chess ya ɗauke shi ne da zaton baƙar fata ne, sai da ya sauka daga jirgi a Shikago aka ga fuskarsa. Warren Storm shi ne mai gangar da ke bayan faya-fayai da dama na mawaƙan blues baƙar fata irin su Lazy Lester da Lightnin' Slim. A cikin sutudiyo kowa ɗan'uwa ne har a gama naɗa. Da an fito, ƙofa daban-daban. Kuma a wannan sutudiyo na Crowley ɗin dai, a shekarun 1960, Miller ya fitar da faya-fayan goyon bayan wariyar launin fata a ƙarƙashin wani tambarin nasa. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun.

Kasuwar ba ta daɗe ba. Joe Barry ya yi tasa a 1961 da "I'm a Fool to Care". Barbara Lynn, 'yar Beaumont ta jihar Teksas mai kaɗa jita da hagu, ta yi tata a 1962. Dale da Grace suka hau lamba 1 a Nuwamban 1963, a makon da aka harbe Shugaba Kennedy. Watanni kaɗan bayan haka ƙungiyar Beatles ta sauka a Amurka, samarin Ingila suka mamaye rediyo, ƙananan kamfanonin kudu suka rasa ƙofar shiga. Tommy McLain ya ɗan leƙo a 1966 da "Sweet Dreams", daga nan shiru, in ban da Freddy Fender da ya farfaɗo da salon a 1975 cikin rigar kiɗan country. Sauran suka koma gida. Johnnie Allan ya riƙe aikin koyarwa, Rod Bernard ya shiga aikin talabijin a Lafayette, wasu suka nufi rijiyoyin mai. Ranar Asabar su haɗu su kaɗa wa tsofaffin masoyansu.

'Yan Ingila ne suka tare musu hanya, 'yan Ingila ne kuma suka dawo neman su. Akwai wani rukunin matasa a can da suka mai da tsofaffin faya-fayan Amurka abin bincike, suna karanta ƙananan rubutun jikin faifai, suna tambayar wane ne ya kaɗa ganga, a wane gari aka naɗa. Ɗaya daga cikinsu, marubuci Bill Millar, shi ake jingina wa fara amfani da lafazin swamp pop a farkon shekarun 1970. Kalmar dausayi tana yawo a bakin masu harkar kiɗa a lokacin: Tony Joe White ya fito da nasa salon, ƙungiyar Creedence Clearwater Revival tana waƙar rafukan Luwiziyana alhali 'yan Kalifoniya ne, Mike Vernon kuma ya fitar da kundin Swamp Blues a 1970. A 1974 Charlie Gillett, mai gabatar da shiri a rediyon BBC na Landan, ya tattara wasu faya-fayan Floyd Soileau ya fitar da kundin Another Saturday Night, kuma daga cikinsa ne "Promised Land" ta Johnnie Allan ta sami masoya a Turai. Abin lura, abin da ya ja kunnen Turawan a waƙar shi ne akodiyan ɗin Belton Richard da ya ratsa tsakiyarta, wato abin nan da su Johnnie Allan suka gudu suka bari. Sai John Broven ya kafa sunan da ƙusa a littafinsa South to Louisiana na 1983.

In don daidaito ne, sunan yana da rauni ta fuska biyu. Na farko, yawancin garuruwan da suka haifi kiɗan ba a dausayi suke ba. Crowley, Eunice, Ville Platte, Rayne, Opelousas, duk a shimfiɗaɗɗen fili suke na yammacin kogin Atchafalaya, ƙasar shinkafa da shanu, inda ido yake gani har iyakar sama. Crowley ma da bikin shinkafa aka san ta. Joe Barry ne dai, ɗan Cut Off, za a ce ya fito daga ƙasar ruwa sosai. Wanda ya raɗa sunan daga nesa yake hangen jihar, kuma daga nesa Luwiziyana duk kada ce da gansakuka. Rauni na biyu ya fi damuna. Da aka cire rhythm and blues aka sa pop, an goge sawun da ke nuna daga inda kiɗan ya fito. Sannu a hankali sunan ya zama kamar na fararen dattawa masu rera tsofaffin waƙoƙi, alhali waƙar da kowa ya yarda ita ce uwar salon, "Mathilda", ta ƙungiyar baƙar fata ce. Masanin tarihi Shane Bernard, ɗan Rod Bernard, ya ga wannan giɓin. Da ya rubuta littafinsa a 1996 sai ya sa Swamp Pop a sama, a ƙasa kuma ya ƙara cewa rhythm and blues ne na Kajun da Kiriyol. Wannan ƙarin shi ne sunan gaskiya. Matsalarsa ita ce ba ya shiga allon talla.

Duk da haka ba na cikin masu cewa da ma an bar kiɗan babu suna. Dubi abin da ya faru a gida. Daga 1964, lokacin da makaɗin Kajun Dewey Balfa ya yi wasa a bikin Newport dubban mutane suka tashi suna tafi, iskar ta fara juyawa. A 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL don raya Faransanci, a 1971 aka amince da sunan Acadiana ga gundumomi 22 na yankin, a 1974 aka yi babban taron karrama kiɗan Kajun a Lafayette. Abin kunyar jiya ya zama abin ado. Amma masu wannan farfaɗowa akodiyan da Faransanci suke nema, tsantsar gargajiya. Su Warren Storm, masu rera Ingilishi da saksafon da sunayen aro, sai suka zama shaidar zamanin da ake son mantawa, zamanin da aka miƙa wuya. Kiɗan Kajun yana da sunansa, zydeco na Kiriyol yana da nasa da sarkinsa Clifton Chenier, su kuwa sun faɗa tsakiya: a wajen Amurka sun cika ƙauyanci, a wajen masu kishin gargajiya sun cika Amurkanci. Ba su da rumfa a kasuwa. Mai shirya biki ba zai ware wa abin da ba shi da suna dandali ba, mai shago ba shi da inda zai jera shi, ɗalibin jami'a ba zai rubuta kundi a kansa ba.

Laƙabin baƙon ne ya ba su rumfa. Kuma abin da ya sayar shi ne ainihin abin da suka ɓoye tun farko, wato cewa su 'yan wani wuri ne takamaimai, masu wani irin lafazi da wani irin kuka a murya. Mutumin da ya ajiye Guillot don kada a gane daga ina ya fito, a ƙarshe jirgi ya ɗauke shi zuwa Ingila saboda daga inda ya fito ɗin. Kamfanin Ace na Landan ya sake fitar da tsofaffin naɗe-naɗen Jin da Goldband, waƙoƙin da ba su taɓa ƙetare gundumomi uku ba suka isa hannun masu saye a Jamus da Japan. Karɓar sunan a gida dai ta ɗauki lokaci. Ko a 1988, da Johnnie Allan ya wallafa littafin hotunan mawaƙan yankin, kiɗan kudancin Luwiziyana ya rubuta a bangonsa, sunan da suka saba da shi tun suna samari.

Yau kam maganar ta zauna. Ville Platte tana kiran kanta babban birnin swamp pop, akwai gidan tarihinsa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garin, gidan rediyon KVPI yana da shirinsa na musamman. 'Yan farkon sun kusa ƙarewa: Phil Phillips da Rod Bernard sun rasu a 2020, Warren Storm a 2021. Tommy McLain ya fitar da sabon kundi a 2022 yana da shekara 82, kuma cikin waɗanda suka taya shi akwai Elvis Costello da Nick Lowe, 'yan Ingila dai har wa yau. Jikokin su Cookie kuwa galibi sun bi zydeco da sauran kiɗan zamani, ba kasafai za ka gan su a taron da aka rubuta swamp pop a ƙofarsa ba, kuma ina ganin sunan yana da nasa kason a wannan.

Wurin da kiɗan ya fi rai a yanzu ya ɗan gusa gabas, ya ƙetare Atchafalaya zuwa garuruwan da ke tsakanin Baton Rouge da bakin teku. A Gonzales aka riƙa yin babban bikinsa na shekara-shekara, kuma ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi cika gidan rawa a wannan zamani, Don Rich, ɗan Pierre Part ne, garin masunta da mafarautan kada da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Masu zuwa rawarsa da yawa an haife su ne bayan Millar ya rubuta kalmar, ba su san kiɗan da wani suna ba, in ka ce musu wani Bature ne ya ƙaga shi a Ingila sai su yi maka kallon mai zolaya.